Darasi na 7: Birnin da shara ba ta taɓa ƙasa

Da zarar magariba ta kawo jiki a Taipei, babban birnin tsibirin Taiwan, sai wani siririn kiɗa ya taso daga bakin layi. Baƙon da bai san gari ba zai zaci mai tallan kayan sanyi ne ke kiran yara. Amma masu fitowa manya ne: tsohuwa da silifa a ƙafa, ma'aikacin ofis da bai ko sauya kayan aiki ba, ɗalibi mai waya a kunne, mai shagon taliya da bokiti biyu. Kowa da shuɗiyar leda a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma damin kwali ko buhun gorori. Motar shara ce ke tafe, kiɗan nan kuwa shi ne sallamarta.

Motar ruwan ɗorawa ce, tana tafiya a hankali. A bayanta akwai wata ƙarama, fara, mai buɗaɗɗen baya. Idan babbar motar ta tsaya, babu ma'aikacin da zai shiga gidan kowa, babu kuma mai ɗaukar kayan wani. Mai shara shi ne zai matso da ƙafarsa ya jefa ledarsa cikin bakin motar, ya juye sauran abinci a durom ɗin da aka tanada, sannan ya wuce wajen farar motar ya miƙa kwalabe da gwangwanaye. Cikin 'yan mintoci an gama. Kiɗa ya yi gaba, jama'a sun watse, titi ya koma kamar ba a yi komai a kansa ba.

Kiɗan kansa daga Turai ya zo. Motocin kan busa ɗaya daga cikin waƙoƙin fiyano biyu: ko dai "Für Elise" ta Beethoven, Bajamushe, ko kuwa wata da ake kira Addu'ar Budurwa, wadda wata 'yar ƙasar Poland mai suna Tekla Bądarzewska ta tsara a ƙarni na 19. Yaron da ya tashi a Taiwan, ko a ɗakin taro na ƙasar waje ya ji ɗayansu, shara ce za ta fara faɗo masa a rai.

Ƙa'idojin da ke bayan wannan fitowa ta yamma su ne abin nazari a wannan darasi: yadda aka kafa su, abin da suke nema daga mai gida, abin da suka ɗora wa hukuma, da inda suke matse wa talaka.

Lokacin da ake kiran wurin tsibirin shara

Taiwan ƙaramar ƙasa ce, faɗinta kusan murabba'in kilomita 36,000 ne, kuma fiye da rabinta duwatsu ne. Mutum miliyan 23 ke cunkushe a ɗan filin da ya rage, yawanci a gaɓar yamma. Daga shekarun 1960 zuwa na 1980 masana'antu suka cika ta, kuɗi ya shigo, kowa ya samu abin saye. Shara kuwa sahun kuɗi take bi. Kwalin talabijin, robar lemo, ledar kasuwa, tsohuwar katifa, duk suka fara taruwa fiye da yadda ake iya binne su.

A wancan zamani tsarin Taipei bai bambanta da na birane da yawa ba. Akwai wuraren da aka ware a bakin titi, kowa ya kai shararsa ya ajiye da dare, ma'aikata su zo su kwashe. A takarda abin ya yi daidai. A ƙasa kuwa, wanda ya makara zai ajiye bayan mota ta wuce, wanda zai yi tafiya zai ajiye da rana tsaka, karnuka da kyanwoyi su yayyaga, ruwan sama ya jiƙa, zafi ya dafa. Garin mai ɗumi ne da yawan ruwa, don haka kafin gari ya waye wari ya cika unguwa, ɓeraye da kyankyasai sun samu gida. Duk inda leda ɗaya ta kwana, gobe goma za a tarar, domin ba a jin kunyar zuba shara a inda aka riga aka zuba.

Zuwa tsakiyar shekarun 1990, kusan kashi biyu cikin uku na ramukan binne shara a tsibirin sun cika ko suna dab da cika. Jaridu suka laƙaba wa ƙasar sunan tsibirin shara. Ƙauyukan da ake kai wa juji suka fara tare hanya suna hana motoci wucewa, har aka riƙa kiran rigimar yaƙin shara. A garin Zhongli, a 1997, shara ta yi tsibi-tsibi a tituna saboda an rasa inda za a kai ta.

Wani abu ya faru kafin nan wanda ya buɗe ƙofa. A 1987 aka ɗage dokar soja da ta shafe shekara 38 tana aiki, mutane suka samu bakin magana. A shekarar ce aka kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa, a shekarar ce kuma wasu matan aure a Taipei suka haɗa ƙungiya, wadda daga baya ta zama Gidauniyar Haɗin Kan Matan Gida. Su ne ke zuwa kasuwa, su ke girki, su ke fitar da shara, don haka sun fi kowa sanin abin da ke cikin kwandon. Suka shiga unguwanni da makarantu suna koyar da ware takarda daga gwangwani, suna matsa wa hukuma ta samar da motar da za ta karɓi abin da aka ware. Tarihin tsaftar birane ya cika ambaton magadan gari da injiniyoyi, ya manta da masu tsintsiya. A nan dai an san da su, kuma sun cancanci a fara da sunansu.

Dokar farko: daga hannu zuwa mota

A 1997, zamanin da Chen Shui-bian ke magajin gari, Taipei ta shimfiɗa wa dukan unguwanninta dokar da ake kira "shara ba ta taɓa ƙasa", bayan an gwada ta a wani yanki na birnin. Aka soke wuraren ajiya na bakin titi. Sharar gida za ta zauna a gida har sai mota ta iso, sannan ta tashi daga hannun mai ita kai tsaye zuwa cikin mota. Wanda ya ajiye leda a ƙasa, ko da a daidai inda motar ke tsayawa ne, ko da saura minti biyar ta iso, ya karya doka.

Sai dai dokar fuska biyu gare ta, kuma fuska ta biyun ita ce mai wuya. Idan an hana mutum ajiye shara a waje, wajibi ne a faɗa masa ranar da mota za ta zo, da sa'ar, da kusurwar da za ta tsaya, sannan ta zo ɗin. Birnin ya tsara wuraren tsayawa fiye da 4,000, kowanne da lokacinsa a rubuce. Motoci na fita dare biyar a mako: Litinin, Talata, Alhamis, Juma'a da Asabar. Laraba da Lahadi hutu ne. A yau akwai manhajar waya da ke nuna inda motar unguwa take, amma tun kafin zuwan waya mutane sun riga sun haddace lokacin, kamar yadda mai noma ke sanin ranar kasuwar ƙauyensa. Wanda mota ta wuce shi yana iya tarar da ita a layi na gaba, ko ya kai kayansa ɗaya daga cikin tashoshin da ma'aikatan tsafta ke karɓa a tsayayyen lokaci.

A nan ne asirin yake, a ganin mai wannan rubutu. Mutum ba zai yarda ya kwana da ɓawon kifi a kicin ba sai ya tabbata gobe da ƙarfe kaza za a raba shi da shi. Da motar za ta riƙa zuwa yau, ta ɓace kwana huɗu, da babu tarar da za ta hana jama'a komawa bakin kwata. Hukuma ce ta fara cika nata alƙawari, dare bayan dare, shekara da shekaru, sannan ta samu bakin neman jama'a su cika nasu.

Fitowar ta kuma haifar da abin da ba a rubuta a doka ba. Maƙwabtan da ke zaune a bene ɗaya ba su san juna ba sun fara gaisawa a bakin titi. Mata 'yan Indonesiya da Filifin, masu aikin kula da tsofaffi a gidaje, da yawansu wannan ne ɗan lokacin da suke samu su ga 'yan ƙasarsu, su yi hira da harshensu. 'Yan siyasa ma kan fito lokacin zaɓe su tsaya inda ake jiran mota, tunda nan ne za su samu unguwa a tattare. Sannan akwai ido. Wanda ya cusa kwalabe cikin ledar shara, a gaban maƙwabta zai jefa ta, ma'aikaci kuma yana da ikon ya ce a buɗe, ko ya ƙi karɓa.

Ledar da ake saye

Doka ta biyu ta zo ranar 1 ga Yuli, 2000, zamanin magajin gari Ma Ying-jeou. Kafin ranar, kuɗin kwashe shara a cikin takardar kuɗin ruwan famfo ake saka shi: wanda ya sha ruwa da yawa ya biya da yawa. Tsarin yana da sauƙin karɓa, amma babu adalci a cikinsa. Gidan da ke da jarirai da yawan wanki zai biya fiye da shagon da ke fitar da buhu biyar na shara kullum, kuma babu abin da mutum zai rage a kwandonsa da zai rage masa ko kwabo.

Sai aka raba shara da ruwa. Daga ranar, mota ba ta karɓar sharar gida sai a cikin ledar hukuma, shuɗiya, mai tambarin da ke da wuyar kwaikwayo. Ana sayar da ita a kantuna da shagunan unguwa, girma-girma, daga mai lita 3 har zuwa mai lita 120. Kuɗin ledar shi ne kuɗin kwashewa. Koriya ta Kudu ta riga su fara irin wannan a 1995, kuma birnin New Taipei da ke kewaye da Taipei ya bi sahu a 2010 da tasa ledar mai ruwan hoda.

Da farko rabin dalar Taiwan ake biya a kan kowace lita. An rage farashin daga baya har ya sauko zuwa 0.36. Ga yadda lissafin yake. Ledar lita 14, wadda ƙaramin gida ke yawan amfani da ita, ta kama lita 14 sau 0.36, wato dala 5 da 'yan kai. A ɗauka wani gida na cika guda ɗaya duk daren da mota ta zo. Dare biyar sau dala 5 ya ba da 25 a mako, a shekara kuma, mai mako 52, ya kama 1,300. A ɗauka kuma maƙwabcinsu yana ware kwali da roba da sauran abinci, har leda biyu ke isarsa a mako. Shi dala 10 zai kashe a mako, 520 a shekara. Bambancin dala 780 ne.

Kuɗin ba shi da yawa ga ma'aikacin Taipei. Ƙarfinsa yana wani wuri: duk abin da aka ware, kyauta ake karɓarsa. Farar motar ba ta cajin ko sisi, durom ɗin sauran abinci ma haka. Don haka duk gorar da ta shiga shuɗiyar leda, mai gida ya san kuɗinsa ne ta ci, tana mamaye wurin da ya saya. Mutane suka koyi taka gwangwani, da ninke kwali, da matse iska daga leda kafin ɗaurewa. Wasu suka fara barin kwalin takalmi a shago tun wajen saye. Kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya.

Sakamakon ya fito a ma'auni. Kafin dokar, gidajen Taipei na fitar da kusan tan 3,000 na shara a rana. Cikin shekara goma adadin ya sauko zuwa kusan tan 1,000. A ƙasar baki ɗaya, sharar da ake kwashewa a kan kowane mutum ta sauko daga kilo 1.14 a rana a ƙarshen shekarun 1990 zuwa ƙasa da rabin kilo, abin da ake sake sarrafawa kuma ya haura rabin duk abin da ake fitarwa, bisa alƙaluman hukuma.

Ba a rasa masu neman hanyar zillewa ba. Wasu suka riƙa kai sharar gida kwandon tashar bas, wasu suka ajiye a lungu da tsakar dare, wasu ma suka buga ledar jabu. Dokar zubar da shara ta tanadi tara daga dala 1,200 zuwa 6,000. Mafi ƙarancinta kuɗin leda 240 ne masu lita 14. Jami'ai kan buɗe ledar da aka yasar su bincika, rasit ko ambulan mai adireshi ya isa ya kai su ƙofar mai ita. Akwai kyamarori a wuraren da aka saba zubarwa, kuma wanda ya kawo shaida a kan mai laifi yana samun kaso daga tarar. Wannan na ƙarshen abin dubawa ne. Ya rage zubar da shara, amma dokar da ke biyan maƙwabci don ya kai ƙarar maƙwabci tana iya cin zumunci, kuma garin da zai kwaikwaye ta ya kamata ya auna wannan da kyau.

Me ke zuwa ina, kuma yaushe

Tun 2006 ware shara ya zama tilas a duk faɗin Taiwan, kashi uku: sharar da ba ta da sauran amfani, kayan da za a sake sarrafawa, da sauran abinci. Taipei ta ƙara nata tsari a kan kashi na biyu, ta raba shi bisa siffa. Litinin da Juma'a ranakun shimfiɗaɗɗun kaya ne: jarida, kwali, littattafai, tsofaffin tufafi masu tsabta, da ledoji busassu. Talata, Alhamis da Asabar kuwa na kaya masu ciki ne: gorar ruwa, kwalba, gwangwani, robar abinci, ƙananan kayan lantarki, da farin soson da ake naɗe firji ko talabijin da shi. Dalilin rabon a fili yake. Takarda in ta haɗu da ragowar lemo ko mai ta lalace, kuma ma'aikaci biyu a bayan ƙaramar mota ba za su iya tsara iri goma a minti biyar ba.

Ana son a ɗauraye robar abinci kafin a kawo ta. Batir da ƙwan lantarki ba sa shiga ledar shara ko kaɗan, saboda gubar da ke cikinsu. Ana miƙa su daban, ko a kai batir shagunan unguwa da ke da akwatin karɓa. Babban kaya irin su kujera, gado ko kabad, sai an kira ofishin tsafta na yanki an sa rana, sannan a fito da shi, kuma ba a biya. Waɗanda ke da sauran rai, kafintocin hukuma na gyara su a yi gwanjonsu da araha.

Sauran abinci shi ne ya fi ɗaukar hankali, domin shi ne mai nauyi, mai ruwa, mai wari. Taipei ta fara karɓarsa daban a 2003, a durom biyu. Shuɗi na ɗanyen abu ne, ɓawon 'ya'yan itace, ganye, ɓawon ƙwai, tukar shayi, wanda ake mayarwa taki. Ja na dafaffen abinci ne, wanda aka daɗe ana sake dafa shi da zafi mai tsanani a ba aladu, dabbar da ake kiwo da yawa a tsibirin. Wannan hanya ta biyu ta shiga matsala tun da wata annobar aladu ta ɓulla a ƙasar Sin a 2018, hukumomi suka riƙa tsaurara ta, wani lokaci su dakatar.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga durom ɗin shuɗi. Manoman da ke kewaye da birnin Kano sun daɗe suna ɗibar sharar birni, toka da kashin dabbobi da dattin tsakar gida, a kan jakuna da mangala zuwa gona, kuma da wannan taki ne gonakin suka jure noma shekara bayan shekara ba hutu. Ƙanzo da dusa da ɓawon wake kuwa ba su taɓa zama shara ba a gidan da ke da akuya. Abin da ya ɓata wannan tsohon tsari shi ne gauraya. Takin juji na yau cike yake da ledar ruwa, fasassun kwalabe, batir, har da allurar asibiti. Manomi na zubawa, iska na kwashe ledar tana rataye ta a ƙaya, dabba ta haɗiye ta kumbura. Abin da Taipei ta kashe kuɗi da shekaru tana koya wa jama'arta, wato kada abin da ke ruɓewa ya haɗu da abin da ba ya ruɓewa, kakanninmu sun yi shi ba tare da doka ba, domin a zamaninsu kusan komai na ruɓewa.

Abin da ya rage a shuɗiyar leda ƙona shi ake yi. Taipei na da manyan gidajen ƙona shara uku, a Neihu, Muzha da Beitou, kuma zafin wutar na ba da lantarki. Bututun hayaƙin na Beitou ya kai mita 150, an kuma gina gidan abinci mai juyawa a can samansa, don jama'a su hau su gani da idonsu. Tsofaffin ramukan binne shara na Fudekeng da Shanzhuku an rufe su an mayar da su wuraren shaƙatawa.

Wa ke biyan kuɗin gorar da aka ware

Ware kaya ba ya isa in babu mai saye. Gwangwani da jan ƙarfe suna da kasuwa ko'ina a duniya, amma akwai abubuwan da kuɗin sarrafa su ya fi abin da za a samu. Taiwan ta toshe wannan giɓi da asusu. Tun gyaran dokar zubar da shara na 1988 aka ɗora wa masu ƙera kaya da masu shigo da su alhakin abin da kayansu ke zama bayan an gama da su. A 1997 aka haɗa ɓangarori huɗu cikin tsari ɗaya: jama'ar unguwa, 'yan kasuwar kayan bola, ma'aikatan tsafta na ƙananan hukumomi, da asusun sake sarrafawa. Kamfanin da ya zuba lemo a gora, ko ya shigo da taya, batir, kwamfuta ko firji, yana biyan wani abu a cikin asusun gwargwadon yawan kayansa. Daga nan ake tallafa wa masana'antun da suka sarrafa kayan, bayan masu bincike sun tabbatar da nauyin abin da suka sarrafa. Kayan da ke cikin tsarin na ɗauke da alamar kibau huɗu masu nuni zuwa tsakiya.

Akwai kuma masu yi don lada. A 1990, Cheng Yen, malamar addinin Buddha da ta kafa gidauniyar agaji ta Tzu Chi, ta roƙi masu sauraronta a birnin Taichung su yi amfani da hannayen da suke tafa mata wajen tsince kayan da za a sake sarrafawa. Yau gidauniyar na da dubban wuraren tattara kaya, yawancin masu aikin tsofaffi ne, kuma daga gororin ruwa ake saƙa barguna da take rabawa inda bala'i ya auku a ƙasashe daban-daban.

A ƙasan duka akwai waɗanda ba su da albashi ba su da ƙungiya: tsofaffi matalauta masu tura amalanke cike da kwali, suna sayarwa a kan kilo. Su ne 'yan bola jarin Taiwan. A 2018 ƙasar Sin ta rufe ƙofarta ga yawancin sharar ƙasashen waje, sai tsohuwar takarda da roba daga Turai da Amurka suka kwararo Taiwan da araha, farashin kwali ya faɗi, abin da tsohuwa ke samu a yini ya ragu ƙwarai. Gwamnati ta taƙaita shigo da kayan a ƙarshen shekarar. Duk mai tsara dokar shara a garin da yara da matasa ke rayuwa da buhun jari a kafaɗa, ya kamata ya tambayi kansa tun farko inda dokar za ta ajiye su. Idan motar hukuma ta kwashe gwangwani da ƙarfe kyauta, abincin wani ta kwashe, sai fa in an jawo shi cikin tsarin an ba shi matsayi.

Inda takalmin ke matsewa

Tsarin na cin lokacin mutane. Mai aikin dare, ko wanda ba ya barin ofis sai ƙarfe tara, yana iya yin mako bai haɗu da mota ba. Tsohon da ke hawa na huɗu a benen da babu na'urar hawa dole ya sauko da kaya a hannu, ko ana ruwa. Masu hali sun sayi mafita: manyan benaye na da ɗakin shara, suna biyan kamfani ya kwashe, mazaunansu ba sa jiran kiɗa. Tsayuwar bakin titi ta fi faɗawa kan mazauna tsofaffin gidaje. Wannan ma na cikin abin da masu suka ke nunawa game da alƙaluma, cewa sharar da kamfanoni ke kwashewa ba koyaushe take shiga lissafi yadda ya kamata ba, kuma ba duk abin da aka karɓa a farar mota ne ke komawa sabon kaya ba.

Ledar kuɗi ma ba ta game ƙasar ba. Ban da Taipei da New Taipei da wani ƙaramin yanki a Taichung, yawancin garuruwa har yanzu ta kuɗin ruwa suke caji, domin 'yan siyasa na tsoron fushin masu zaɓe. Sannan saye ta intanet da odar abinci zuwa gida sun sake ƙara yawan kwali da roba a 'yan shekarun nan, gidajen ƙona shara sun tsufa, kuma a lardunan da ba su da nasu, irin su Nantou, shara ta sake yin tsibi tana jiran layi. A 2023 aka ɗaga hukumar kare muhalli zuwa cikakkiyar ma'aikata, wannan na cikin ayyukan da ta tarar a kan tebur.

Aikin aji

Kafin haɗuwa ta gaba, kowane ɗalibi zai ajiye buhu uku a gida na tsawon kwana bakwai: ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na abin da ɗan bola jari zai saya, ɗaya na sauran. A rana ta bakwai zai auna kowanne da bokitin fenti ko da mudu, ya rubuta adadin a littafinsa, ya kuma tambayi mai sayen jari nawa yake biyan kilon gwangwani da na roba a wannan mako. Zai binciko abu uku game da unguwarsa: wa ke kwashe shara, hukuma ce ko masu baro, a wace rana, kuma ina ake kai ta bayan ta bar ƙofar gida. A aji za a haɗa alƙaluman kowa a allo, a raba jimillar da yawan mutanen gidajen, a fitar da abin da mutum ɗaya ke fitarwa a rana. Daga nan ɗalibai za su kasu gida biyu, ɓangare ɗaya ya kare ledar kuɗi irin ta Taipei a matsayin abin da zai yi aiki a garinsu, ɗayan ya kawo dalilan da za su hana, kowane ɓangare da lissafinsa a hannu.